Makomar 'Yan Wasan Oklahoma City Thunder Bayan Kofin 2025: Tambayoyi da Amsoshi

A daren 22 ga Yuni 2025 Oklahoma City Thunder ta doke Indiana Pacers da maki 103 da 91 a wasa na bakwai, wanda shi ne na raba gardama a jerin wasannin ƙarshe, ta ɗaga kofin gasar ƙwallon kwando ta NBA karo na farko tun da ta taso daga Seattle a 2008. Gumi bai gama bushewa a jikin 'yan wasa ba aka fara tambayar da aka saba yi wa duk wanda ya ci kofi: shekara nawa wannan taro zai yi bai watse ba? Na tattaro tambayoyin da masu bin gasar suka fi maimaitawa, na amsa su bisa yadda al'amura suka kasance a bakin kakar 2025-26.

Me ya sa ake ta maganar shekaru biyar masu zuwa, alhali kofi ɗaya tak suka ci?

Saboda ƙuruciya. Tun bayan Portland ta 1977 ba a ga ƙungiyar da ta ci kofi da yara ƙanana irin waɗannan ba. A al'ada mai kofi yakan zo da 'yan shekara 29 zuwa 32, waɗanda suka kai ƙololuwa sun fara gangarowa. Thunder kuwa ta ci wasa 68 cikin 82, tana barin abokan karawa a baya da matsakaicin maki 12.9 a kowane wasa, tazarar da ba a taɓa yin irinta ba a tarihin gasar, kuma biyu daga cikin manyanta uku ba su cika shekara 25 ba.

Wanda ya fara kallonsu a 2025 zai ɗauka haka suka faɗo daga sama. A Disamban 2021 wannan ƙungiya ce Memphis ta yi wa 152 da 79, ratar maki 73, cin kaca mafi muni da aka taɓa yi a NBA. Daga nasara 22, sai 24, sai 40, sai 57, sai 68. Tsani ne suka hau taki-taki, shi ya sa mutane suke ganin da sauran hawa a gaba.

Su wa ne ginshiƙan, kuma har yaushe suke ɗaure da ƙungiyar?

Mutum uku ne. Shai Gilgeous-Alexander, ɗan Kanada, haihuwar 1998, wanda a kaka ɗaya ya haɗa gwarzon gasa, sarkin zura maki da 32.7 a kowane wasa, da gwarzon wasannin ƙarshe. Sai Jalen Williams, haihuwar 2001, da Chet Holmgren, haihuwar 2002, waɗanda aka ɗauko a dare ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2022, Holmgren a gurbi na 2, Williams a na 12.

A Yulin 2025 duk su ukun suka sabunta kwantiragi. Na Shai shekara huɗu ne a kan kimanin dala miliyan 285, zai fara aiki a kakar 2027-28. Na Holmgren shekara biyar, zai iya kaiwa miliyan 250. Na Williams shi ma biyar, zai iya kaiwa miliyan 287 idan ya sami wasu lambobin yabo. Waɗannan biyun za su fara a 2026-27. In ka lissafa, duka ukun sun kai su kakar 2030-31. Wato ta wannan ɓangare babu fargaba.

To in manyan sun sa hannu, ina matsalar take?

Matsalar tana wurin mutum na huɗu zuwa na tara, kuma sai an ɗan yi haƙuri da lissafi kafin a gane ta.

NBA tana da iyakar albashi, wato jimillar da aka yarje wa kowace ƙungiya ta kashe a kan 'yan wasanta. A kakar 2025-26 iyakar ta kama dala miliyan 154.6. Ana iya ƙetare ta, musamman wajen riƙe ɗan wasan da dama naka ne, amma akwai layuka a gaba. A miliyan 187.9 ake fara biyan haraji a kan kowace dalar da ta haura. A miliyan 195.9 akwai shinge na farko. A miliyan 207.8 akwai shinge na biyu, wanda shi ne dodon da kowane manaja yake gudu tun da yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta fara aiki.

Albashin manyan taurari kaso ne na wannan iyaka. Holmgren da Williams kowanne zai fara da aƙalla kashi 25 cikin ɗari, Shai da kashi 35. Idan an haɗa, daga 2027 mutum uku za su riƙa lashe wajen kashi 85 na iyakar. Shinge na biyu yana tsayawa ne a wajen kashi 134. Abin da ya rage tsakani, kimanin rabin iyakar ke nan, shi za a raba wa sauran mutum goma sha biyu. A kakar da suka ci kofi, Holmgren da Williams suna kan albashin sababbin shiga ne, kuɗin da bai taka kara ya karya ba a ma'aunin NBA, shi ya sa Thunder ta iya tara zaratan mataimaka ba tare da ta biya ko sisin haraji ba. Wannan garaɓasa za ta ƙare a Yulin 2026.

Abu guda da zai ɗan sassauta igiyar shi ne sabuwar yarjejeniyar talabijin ta shekara 11 da Disney da NBC da Amazon, wadda ta haura dala biliyan 70. Kuɗin shiga in ya ƙaru iyakar albashi takan ɗaga, har zuwa kashi 10 a shekara, yayin da kwantiragin da aka riga aka sa wa hannu ba ya ƙaruwa fiye da kashi 8. Tazarar ƙarama ce, amma a shekara ta uku da ta huɗu tana iya zama albashin mutum guda na benci.

Masu ƙungiyar ba za su iya rufe ido su biya tarar kawai ba?

Da can haka ake yi. Golden State ta shafe shekaru tana zuba haraji mai nauyi don ta riƙe mutanenta. Yanzu hukuncin ya wuce aljihu. Wanda ya haura shinge na biyu ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ya musanya su da ɗaya mai tsada ba, ba zai sa tsabar kuɗi cikin ciniki ba, kuma an ƙwace masa ɗan gurbin da ake ɗauko ɗan wasa mai matsakaicin albashi daga kasuwa. Bugu da ƙari, gurbin zaɓensa na zagayen farko na shekara bakwai masu zuwa za a kulle shi, ba saye ba sayarwa, in kuma ya daɗe a saman shingen a mayar da gurbin can ƙarshen layi. Ga harajin masu maimaitawa, wanda yake hawa kan wanda ya biya sau uku cikin shekara huɗu.

Gani ga wane ya ishi wane. Boston ta ci kofin 2024, shekara guda bayan nan ta sallami Jrue Holiday zuwa Portland da Kristaps Porzingis zuwa Atlanta. Denver ta ci na 2023, ta rasa Bruce Brown a bazarar nan, ta rasa Kentavious Caldwell-Pope a ta gaba, bencinta bai sake komawa yadda yake ba. Minnesota ta kai wasan ƙarshe na yankin Yamma a 2024, wata huɗu bayan haka ta tura Karl-Anthony Towns New York. Daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ci kofi, babu wadda ta maimaita. Ba tsautsayi kaɗai ba ne, dokar ma da gangan aka tsara ta don ta wargaza taro.

Wa ake ganin zai fara tafiya?

Sunaye biyu suka fi fitowa, domin kwantiraginsu ya bar wa ƙungiyar zaɓin riƙe su ko sakinsu a kakar 2026-27, daidai lokacin da kuɗin Holmgren da Williams zai hau. Isaiah Hartenstein, dogon da aka ɗauko daga New York a 2024 a kan miliyan 87 na shekara uku, shekararsa ta ƙarshe miliyan 28.5 ce. Luguentz Dort, ɗan Montreal wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2019 har ya zo ya shiga sahun farko na masu tsaron gasar a 2025, tasa kimanin miliyan 18 ce.

A ganina Dort ya fi sauƙin maye gurbi, duk da cewa shi ne ya fi daɗewa kuma shi magoya baya suka fi ƙauna. Dalili: Cason Wallace yana nan, ya fi shi saurin hannu, Dort ya girme shi da shekara huɗu, kuma Alex Caruso yana nan. Masu matsa wa mai riƙe da ƙwallo sun yi wa Thunder yawa. Dogo mai ƙarfin ƙirji wanda zai ture manya a ƙarƙashin kwando, ya cafke ƙwallon da ta dawo, ya kuma iya miƙa ta da basira, shi ne babu na biyunsa. An ga haka a 2024, kafin zuwan Hartenstein, lokacin da dogayen Dallas suka riƙa kwashe ƙwallo a saman kawunansu har suka fitar da su a zagaye na biyu.

Akwai hanya ta uku wadda Sam Presti, shugaban harkokin wasa na ƙungiyar tun 2007, ya saba bi: ya ƙi karɓar zaɓin shekara ɗaya, ya ba mutum kwantiragi mai tsawo. Ya yi haka da Aaron Wiggins da Isaiah Joe a 2024, kuma ya tsara kuɗin nasu yana sauka kowace shekara maimakon ya hau. Ɗan wasa ya sami kwanciyar hankali, ƙungiya ta sami sarari. Amma wannan dabara ba ta cin kowa. Wallace zai cancanci sabon kwantiragi daga bazarar 2026, kuma mai tsaro irinsa ɗan shekara 22 ba ya arha.

Caruso fa? Shi ne dattijon ɗakin, haihuwar 1994, ya taɓa cin kofi da Lakers a 2020. An ba shi miliyan 81 na shekara huɗu, zai kai shekara 35 kafin ya ƙare. A takarda wannan ne kwantiragin da ya fi kama da wanda za a yi nadama. Sai dai duk wanda ya kalli wasa na bakwai da Denver ya ga abin da ake biya: mutum mai tsawon ƙafa 6 da 'yan inci ya shiga gaban Nikola Jokic, dogon tauraron Denver, ya sa masa ƙirji a ciki, ya hana a miƙo masa ƙwallo, hannunsa kullum yana tsakanin Jokic da mai jefowa, har aka tashi 125 da 93. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ana ta cewa sun tara guraben zaɓe. Mene ne amfaninsu ga wanda ya riga ya ci kofi?

Nan ne asirin duka shirin yake. Yawancin mutane suna kallon gurbin zaɓe a matsayin tikitin neman tauraro. Ga Thunder ta yau, hanyar samun ma'aikaci mai arha ce. Wanda aka zaɓa a zagayen farko yana shekara huɗu a kan albashin da doka ta ƙayyade. Idan mai miliyan 18 ya tafi, ka sa yaro mai miliyan 4 wanda ya riga ya shekara biyu yana koyon tsarin gidan, ka tsira daga shinge ba tare da tsaronka ya rushe ba.

Tushen rumbun shi ne cinikin Yulin 2019, lokacin da aka ba Clippers Paul George aka karɓo Shai, da Danilo Gallinari, da guraben zagayen farko biyar, da damar musanya gurbi sau biyu. Ɗaya daga cikin guraben nan ne ya zama Jalen Williams. Wani, wanda asalinsa na Miami ne, ya zama Thomas Sorber a gurbi na 15 a 2025. Na Clippers na 2026 yana nan tafe ba tare da wani sharaɗi ba. Akwai kuma bashin gurbi a kan Philadelphia, da Utah, da Denver, kowanne da nasa sharuɗɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya, Presti ya fafe nasa tun 2019.

Amma kada a ɗauka abin ba ya da tangarɗa. Kujerun ƙungiya 15 ne kacal, sai uku na masu kai-komo tsakaninta da ƙaramar ƙungiyarta, Oklahoma City Blue. Gurbin zaɓe ya fi kujera yawa. Kuma zaɓe caca ce: Nikola Topic, wanda aka ɗauka a na 12 a 2024, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakarsa ta farko saboda jijiyar gwiwa, Sorber ma jijiyar gwiwarsa ta tsinke tun kafin kaka ta buɗe. A ɗaya gefen, Ajay Mitchell da aka tsinta a zagaye na biyu ya shigo kamar ɗan gida, Wiggins kuwa na 55 ne a shekararsa.

Ba za a maimaita labarin James Harden ba?

Duk tsohon mai goyon bayan Thunder da wannan tabon yake kwana. A 2012 ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe da Kevin Durant da Russell Westbrook da Harden, dukkansu ba su wuce shekara 23 ba, Miami ta doke su 4 da 1, kowa ya ce za su dawo. A Oktoban shekarar, kwanaki kaɗan kafin buɗe kaka, aka sayar da Harden ga Houston saboda saɓanin 'yan miliyoyin daloli da tsoron haraji. Su ukun kowanne ya zo ya zama gwarzon gasa, Durant a 2014, Westbrook a 2017, Harden a 2018, amma ba su sake zuwa wasan ƙarshe tare ba, kuma Durant ya kama gabansa zuwa Golden State a 2016.

Mutumin da ya yi wancan ciniki, wato Presti, shi ne dai yake kan kujera yau. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Saurin da aka yi wajen ɗaure manyan uku cikin makonni uku bayan kofi, ba tare da ja-in-ja ba, amsar wannan tambaya ce. Wannan karon an zaɓi a biya na uku a rasa na biyar.

Jikin Holmgren zai ɗauka kuwa?

Wannan ce tambayar da ba lissafin da zai warware ta. Tsawonsa ƙafa 7 da inci 1, siriri ne kamar sanda. Kakarsa ta farko gaba ɗaya ta tafi saboda raunin tafin ƙafa da ya ji a Agustan 2022, a wani wasan sa-kai a Seattle, yana ƙoƙarin tare LeBron James. Ya dawo ya buga duka wasanni 82. Sai a Nuwamban 2024 ya tashi sama zai tare Andrew Wiggins na Golden State, ya faɗo a kan kwankwaso, ƙashin ƙugu ya tsage, ya tashi da wasa 32 kawai a kakar.

Masu kare shi suna cewa raunukan biyu na haɗari ne, ba irin na gwiwa ko baya da ke cin mutum a hankali ba, kuma da gaskiyarsu. Ni dai abin da nake dubawa shi ne salon wasansa: aikinsa ke nan ya tari manyan ƙarti a sama, kuma mai yin haka zai riƙa faɗuwa. A wasa na bakwai da Indiana ya tare ƙwallo biyar. Ba za ka ce masa ya daina abin da aka ba shi miliyan 250 dominsa ba. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake ganin sakin Hartenstein ganganci ne.

Williams shi ma ya buga dukkan wasannin neman kofi da tsinkakkiyar jijiya a wuyan hannunsa na dama, da ita ya zura maki 40 a wasa na biyar da Indiana, aka yi masa tiyata bayan biki.

Shai zai kai 2031 yana kan ganiyarsa?

Zai kasance ɗan shekara 32 a ƙarshen kwantiragin. Wasansa bai dogara da tsalle ko gudun tsiya ba, ya dogara ne da canjin taki, da tsayawa cak a inda mai tsaro bai zata ba, da jifa daga matsakaicin zango. Irin wannan salo yakan daɗe bai tsufa ba.

Me zai hana a tattara guraben nan a sayo wani babban tauraro?

Kuɗi, da kuma rashin buƙata. Tauraro na huɗu yana nufin wani kashi 30 ko 35 na iyakar albashi, wato a kwashe benci kaf a zuba a kan mutum ɗaya. Phoenix ta gwada haka da Durant da Devin Booker da Bradley Beal, ta ƙare kakar 2024-25 ba ta ko shiga wasannin neman kofi ba. Ƙarfin Thunder yawan hannaye ne: kocinsu Mark Daigneault yakan juya mutum goma ko fiye, kowanne ya shigo da sabon numfashi ya matsa, ya ƙwace ƙwallo, a ruga. Abin da ya fi dacewa da guraben shi ne ƙananan cinikayya irin ta Caruso, wanda aka karɓo daga Chicago da Josh Giddey kai da kai, ko kuma a tura gurbin bana a karɓi na shekara huɗu masu zuwa, lokacin da za a fi jin ƙishirwarsa.

Wa zai fi tare musu hanya?

Nan kusa, Denver. Ita ce ta kai su wasa bakwai a Yamma, kuma muddin Jokic yana tsaye ba a gama da ita ba. Houston ta ɗauko Durant ta haɗa da yaranta. Minnesota tana da Anthony Edwards, Lakers ta sami Luka Doncic a Fabrairun 2025.

Amma in ana maganar shekara biyar, idona yana kan San Antonio. Victor Wembanyama, Bafaranshen da aka zaɓa na farko a 2023, haihuwar 2004 ne, ya fi Holmgren tsawo, ya fi shi ƙuruciya. Ga Stephon Castle, gwarzon sababbin shiga na 2025, ga Dylan Harper da aka ɗauka na 2, ga De'Aaron Fox. Abin da ya fi ba da tsoro shi ne agogon albashinsu yana bayan na Thunder: lokacin da Oklahoma za ta fara zubar da mataimaka, yaran San Antonio suna kan arharsu tukuna.

Ƙaramin gari kamar Oklahoma City zai iya ɗaukar wannan nauyi?

Kasuwarta tana cikin mafi ƙanƙanta a gasar, kuma manyan 'yan wasa masu 'yancin kansu ba su saba zaɓarta ba, shi ya sa zaɓe da ciniki suka zama hanyarta tilo. A Disamban 2023 mutanen garin suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da gina sabon filin wasa na aƙalla dala miliyan 900, mafi yawa daga harajin saye da sayarwa, masu ƙungiyar ƙarƙashin Clay Bennett suka sa miliyan 50, da alkawarin zama shekara 25. Ana sa ran buɗe shi a 2028. Shekarar ta zo daidai da lokacin da harajin albashi zai fi ciwo, kuma sabon fili yana nufin sabon kuɗin shiga.

Wane lokaci ne za a gane inda aka dosa?

Ƙarshen Yunin 2026. A cikin mako guda za a yi zaɓen sababbin 'yan wasa, inda za a ga a wane lamba gurbin Clippers ya faɗo, sannan wa'adin yanke hukunci a kan Hartenstein da Dort ya cika. Kwana kaɗan bayan nan sabon albashin Holmgren da Williams ya fara aiki, tattaunawar Wallace ta buɗe. Idan aka wayi gari a Yuli Hartenstein ya sa hannu a kwantiragi mai tsawo, an zaɓi ɗan baya mai tsaro da gurbin Clippers, to Dort ne ake shirin yi wa sallama.